Shekarar da Agwagi Suka Ƙare a Garin Kawu

Ga wani labari daga yammacin Zamfara. Masifar da ke cikinsa ta auku da gaske, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, kuma har yau akwai gidajen da ke jinyar abin da ta bari. Dattijon da ke cikinsa kuwa ban ba shi suna ba, kowa ya sa masa fuskar da ya sani.

Kawu ake ce masa, yaro da babba, har sa'o'insa. Shi ke da injin niƙa ɗaya tilo a garin, cikin wata rumfar kara da ke jingine da katangar gidansa, inda tun hantsi 'yan mata ke jera ƙore da robobi suna jiran layi. Sai dai girman da ake ba shi daga bakinsa ya samo shi. Idan yarinya ta kawo niƙan dawa kuɗinta bai cika ba, sai ya karɓi abin da ke hannunta ya ce, "Ba komai, je ki, ki gaida mutanen gidan." Idan maƙwabci ya ari fartanya ya dawo da ita a karye, ba komai. Akwai damunar da shanun wani Bafulatani suka faɗa masa gonar gero ana dab da girbi, suka yi mata kaca-kaca. Samarin garin har sun ɗauko gorori za su nufi ruga, Kawu ya tare su a bakin hanya da carbi a hannu, ya mayar da su gida. Washegari Ardo ya zo da kansa, yana jaye da maraƙi na biyan ɓarna. Kawu ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka dama fura, ya ce, "Ardo, koma da abinka. Dabba ce, ba ta da hankali. Ba komai." Tsofaffin garin sun daɗe suna cewa wannan magana ita ta hana a zubar da jini a shekarar.

Duk wanda ya zauna da Bahaushe ya san darajar wannan kalami. Da shi ake karɓar ban-haƙuri, da shi ake sauke wa wanda bashi ya danne nauyi, da shi ake rufa wa baƙo asiri idan ya ɓarar da miya a tabarma. Ni kam ba na fatan ranar da zai bar bakinmu. Amma a lura, duk ba-komai ɗin da Kawu ya yi a waɗancan shekaru daga jikinsa aka yanka. Geronsa ne, fartanyarsa ce, kuɗin man injinsa ne. Haƙƙinsa ya yafe, kuma mai abu shi ke da ikon yafewa.

Sai zinariya ta zo. A 2008 farashinta a kasuwar duniya ya haura dala 1,000 kan kowace oza, a shekarun da suka biyo baya kuma ya ci gaba da hawa. Mutanen garin a ƙofar gida suka ga wannan labari: yaron da bara ya tafi cin-rani ya dawo hannu rabbana, bana ga shi ya dawo daga ramin haƙa da sabon babur, wani ya yaye jinkar ɗakinsa ya buga kwano, wani ya yi aure bai sayar da ko akuya ba. Aikin ba shi da wuyar koyo. A sara dutse a daji, a ɗura a buhu, a ɗauko a babur, a farfasa da guduma, a niƙe ya zama gari, a wanke a kududdufi, a zuba zaiba ta tattaro 'yar zinariyar da ke ciki. Ba a barin buhu a daji saboda ɓarayi, gida ake kawo shi. Matan kulle ma suka sami sana'a, turmin da aka daka dutse da safe shi za a ɗauraye a daka geron fura da rana. Injin Kawu ya koma niƙan dutse, don abin da buhu guda ke kawowa ya fi na wunin niƙan dawa. Babu wanda ya sani a garin cewa duwatsun wannan yanki cike suke da dalma.

Ƙurar toka-toka ce, mai laushi, ba ta da wari. Tana sauka a kan faifan da aka rufe tuwo, a bakin randa, a kan shanyar kuka da kuɓewa, a gashin yara. In an share tsakar gida da yamma sai ta tashi ta sake zama. Jariri mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki, ya sake dafawa ya sake kaiwa, haka zai wuni.

Uwargidan Kawu, wadda kowa ke kira Inna, ita ta fara magana. Ta kawo masa abincin dare, ta zauna nesa kaɗan, ta ce, "Malam, ƙurar nan fa ta yi yawa. Ko ruwa na ɗebo a randa sai in ga ta kwanta a kai. Anya ba za a mayar da injin nan bayan gari ba?"

Kawu ya wanke hannu ya ce, "Ba komai. Ƙasa ce. Wa kika taɓa ji ƙasa ta kashe? Da ita aka gina ɗakin da kike kwana."

Inna ta yi shiru. Shekara da shekaru in mutumin nan ya ce ba komai, to ba komai ɗin ne, ba ta taɓa ganin akasi ba. Maganar ta fita daga gidan ta zaga gari. Duk matar da ta yi ƙorafi a bakin rijiya, wata za ta ce mata, "Ke, ai Kawu ya ce ƙasa ce."

Ba na cewa ƙarya Kawu ya shirya. Dalma a saninsa ita ce wadda masu faci ke narkawa su liƙe kwanon da ya huje, bai taɓa haɗa ta da dutse ba. Amma wanda bai sani ba yana da amsar da ta dace da shi, gajeriya ce kuma: ban sani ba. Ita ce Kawu ya ƙi faɗa, saboda in ya faɗe ta gobe sai an tayar da zancen ɗauke inji, bayan gari kuwa babu inuwa babu tsaro, ga wani yaro can da ke shirin sayo nasa injin.

Agwagi ne suka fara tafiya. Su ke wuni a kududdufin da ake wanke garin dutse, suna cusa baki a laka. Yau a ga ɗaya ta kife a bakin ruwa, gobe uku, har garin da ba ka ratsa lungu ba ka yi tuntuɓe da su ba ya wayi gari babu ko ɗaya. Wani almajiri ya zo ya gaya wa Kawu. Ya ce masa, "Annobar kaji ce, tana zuwa ta wuce. Ba ta taɓa mutum." Masu binciken da suka zo daga Amurka daga baya sun bayyana cewa ɓacewar agwagi ita ce gargaɗin farko da ƙauyukan suka samu, ba a dai gane shi ba.

A gidan akwai matar ɗan Kawu, yarinya ce, da goyonta na fari, namiji, ya fara tsayuwa da bango. Wanda ya san kunyar ɗan fari ya san halin da take ciki. Ba ta kiran sunansa, ba ta nuna damuwa da shi a gaban surukai, balle ta tsaya gaban Kawu ta ja da shi. Yaron ya daina cin abinci, ya riƙa amai, ya kwanta lamo, in an ɗaga shi sai wuya ya langaɓe. Ta yi ta kallo tana haɗiye magana, sannan wani dare ta durƙusa a ƙofar ɗakin Inna, murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Inna, yaron nan jikinsa ba daɗi. Tun da ya fara rarrafe wajen rumfar nan nake ganin haka."

Inna ta kai maganar. Kawu ya ce haƙori ne, kowane yaro yana yi. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya ce shawara ce, a jiƙa masa sassaƙe. Ranar da yaron ya fara jijjiga, idanu suka kakkafe, baki ya datse, sai aka ce iska ce, aka yi hayaƙi, aka ɗura masa rubutu. Kafin asuba ya cika.

A wurin zaman makoki kowa na cewa kwana ya ƙare, Allah ya sa mai ceto ne. Gaskiya ne, babu mai wuce kwanansa, kuma babu musulmin da zai ja da wannan. Amma ana share makoki injin ya ci gaba da ruri, yaran maƙwabta suna wasan ƙasa a gindinsa.

Da ƙananan kaburbura suka yi yawa a maƙabarta, Liman ya zo gidan Kawu bayan isha'i. Tare suka tashi, tare suka yi makarantar allo, duk da haka bai shigo da maganar ta ƙofa ba. Bayan gaisuwa ya ce, "Kawu, wata mas'ala ce ke damuna, na ce bari in ji ta bakinka."

"Allah gafarta Malam, ni da ban yi nisa a karatu ba?"

"Ba ta karatu ba ce. Wani mutum ne ke zaune a mashigin gulbi yana sayar da rake. Sai ga mace da goyo za ta ƙetare, ta ce, Baba, ruwan nan da zurfi? Shi kuwa bai taɓa tsoma ƙafa a ciki ba. Amma ya san in ya ce bai sani ba, mutane za su daina bin mashigin, kasuwarsa ta mutu. Sai ya ce mata, ba zurfi, iya gwiwa ne. Ta shiga, ruwa ya tafi da su. To, me ke kansa?"

Kawu ya daɗe kansa a sunkuye. Can ya ce, "Ai bai tura ta ba."

"Bai tura ta ba," in ji Liman. "Shaida kawai ya bayar. Kuma da wani yaro ne ya faɗa mata, da ta sake tambaya. Furfurarsa ta gani, shi ya sa ta shiga." Ya miƙe, ya sa takalmi, ya yi sallama.

Kawu ba yaro ba ne, ya gane inda aka dosa. Bai yi barci ba a daren. Amma da gari ya waye ga buhuna biyar a bakin rumfa suna jira, ya tayar da inji.

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan na-gari-na-kowa, wato MSF, suna zagayen sa ido kan sanƙarau a Zamfara, sai suka ci karo da ƙauyukan da yara ke mutuwa ba ƙaƙƙautawa. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, babu sauƙi. Da aka gwada jini sai ga dalma. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, da Hukumar Lafiya ta Duniya suka shigo. A ƙauyuka biyu da aka bi gida-gida, an tarar cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu, kuma mafi yawansu da jijjiga suka tafi. Cikin yara 204 da aka ɗibi jininsu babu ko ɗaya da ya kuɓuta, kashi 97 cikin 100 kuwa sun kai matakin da dole a ba su maganin fitar da gubar. Kusan gida biyu cikin uku a tsakar gida suke sarrafa dutsen. Sunayen Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke da Bagega suka shiga labaran duniya. An ƙiyasta aƙalla yara 400 ne suka mutu a jihar.

Ranar da aka tara mutane a ƙofar gidan mai gari, wata ma'aikaciyar lafiya ta yi bayani dalla-dalla. Kawu ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, in yi tambaya? Mu da ke tsaye a kan injin nan safe da yamma, ga mu nan garau. Ɗan abin da yaro zai lasa a hannu shi zai kashe shi? Ai ɗan kaɗan ba ya komai." Maganar ta ja da baya, daga "ƙasa ce" ta koma "ɗan kaɗan ne", amma ba ta miƙa wuya ba. Matar ta amsa masa cikin ladabi. Ta ce, Baba, jikin ƙaramin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsewa, ƙwaƙwalwarsa kuma tana cikin ginuwa, abin da gubar ta ɓata a can ba ya komawa daidai. Ta ce likitoci har yau ba su samo wani adadi na dalma da za a ce ba ya cutarwa ba. Ta ce ku manyan ma tana cin ƙodarku tana hawar muku da jini, mai ciki kuma tana ba ɗan da ke cikinta.

Bayan an watse wasu dattawa suka keɓe, suka ce in baƙin nan sun sake tambaya a ce musu lafiya lau, kada gwamnati ta rufe ramuka. An sami irin wannan ɓoyo a wasu ƙauyukan, kuma ba zan yi gaggawar zaginsu ba. Wanda ya shekara yana noma bai ga abin da ramin nan ya ba shi a wata guda ba, tsoron komawa gidan jiya ba ƙaramin tsoro ba ne. Abin takaicin shi ne maganin bai kai tsadar da suke zato ba: a fitar da niƙa daga gari, a jiƙa dutse kafin a niƙa don ƙura ta kwanta, mahaƙi ya yi wanka ya sauya tufa kafin ya shiga gida ya ɗauki ɗansa. Da tun tambayar Inna aka nemi wanda ya sani, da an ji wannan kafin a haƙa kabari ko ɗaya.

Gyaran ya zo da wahala. Sai an kankare saman ƙasar kowane gida, an kwashe, an binne a rami nesa da gari, an zuba sabuwa, domin magani ba ya amfani ga yaron da zai koma rarrafe a kan gubar da ta kwantar da shi. Bagega, wadda ta fi sauran girma, sai a 2013 gwamnatin tarayya ta saki kuɗin gyaranta, bayan matasa da ƙungiyoyi sun yi ta matsa lamba. Duk tsawon wannan jira yaranta a kan ƙasar suke wasa.

Kawu ya ɗauke injinsa ya kai bayan gari. Wata 'yar maƙwabcinsa ta rayu, amma ba ta gani, ba ta magana sosai, kullum tana zaune a zauren gidansu, kuma ta nan hanyar masallacinsa ta bi. Mutane suka lura ya sauya. In an yi masa ɓarna har yanzu yakan ce ba komai, da zuciya ɗaya. In tambaya ta shafi jikin wani kuwa, bakinsa ya yi nauyi. Da surukarsa ta sake haihuwa, Inna ta ɗauko tandun kwalli za ta zizara wa jaririya, sai yarinyar, wadda da ba ta iya ɗaga ido, ta ce, "Inna, a tambayi Baba tukuna." Aka tambaya. Dangin da suka zo barka suna cewa haba, kwalli tun kaka da kakanni, ai na gargajiya ne. Kawu ya ce, "Ban sani ba. A ajiye shi har a tambayi na asibiti." Ya yi daidai. Wani kwallin daga dutsen dalma ake yin sa. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun sami dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya, da aka auna kwallin da ake sa masa aka tarar sama da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce.

Bayan wasu shekaru Kawu ya shiga wata babbar kasuwa sayen wake. Ya tsaya gaban wani matashi mai sito, ya tsoma hannu a buhu, ya kai hanci. Waken fes, ko huda ɗaya babu, amma warin fiya-fiya na tashi.

"Ɗana, me ka zuba masa?"

"Ɗan magani ne, Baba, saboda ƙwari. Ba komai, in an wanke shi ke nan."

"Ka auna ka ga yana fita?"

Matashin ya yi dariya. "Haba Baba, kowa haka yake yi. Ni kaina shi nake ci."

"Yaranka fa?"

Nan fuskar matashin ta sauya, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ya ce in Baba ba saye zai yi ba ya ba mutane wuri. Kawu bai yi fushi ba, don ya san muryar, tasa ce. Ya ce masa akwai buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke toshe iska ƙwari su mutu ba tare da digon magani ba, manoma a nan da Nijar sun daɗe suna amfani da shi. Matashin ya ce wannan da tsada. Kawu ya kakkaɓe hannunsa ya wuce. A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda sinadarin DDVP, wanda shi ne ke cikin fiya-fiya. Su sun auna, suka rufe ƙofa. Irin waken da suka ƙi kuwa bai ɓace ba, shi ake dafa wa yara da shinkafa, shi ake markaɗawa a yi ƙosai da alale a bakin makarantun firamare.

Mai karatu, ko hatsi kake ajiyewa, ko kemis kake tsaro, ko magani kake talla da lasifika kana cewa itatuwa ne zalla har mai ciki za ta sha, ko kuwa kai ne babban da ake jiran ta bakinsa a gida, labarin Kawu na ba ka, ban kira sunan kowa ba. Roƙona dai, ranar da wata uwa ta tsaya gabanka ta tambaye ka ko abin nan zai taɓa mata ɗa, in ba ka auna ba, ka ce mata ba ka sani ba, ka nuna mata hanyar wanda ya sani. A 2015, shekara biyar bayan abin da ya faru a Zamfara, dalma daga dutsen zinariya ta sake kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.